Folik asid ba ya sauke suga, amma mai suga yana da abin lura a kansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin mu warware wata magana da ke neman samun gindin zama a tsakanin masu ciwon suga a nan Kaduna. Ana yaɗa ta a zaurukan WhatsApp, ana maimaita ta a bakin kemis da kan bencin jiran likita, wai ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake ba mata wajen awon ciki, wato folik asid, tana sauke suga, har ma wai tana iya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Mu ma'aikatan lafiya ne da ke hulɗa da masu wannan ciwo, kuma amsarmu ita ce a'a. Sai dai a'a kaɗai ba ta wadatar ba, domin akwai mai suga da wannan ƙwaya ta zama masa dole, akwai kuma wanda take iya cutarwa ba tare da ya ankara ba.

Folik asid nau'in bitamin B9 ne da ake haɗawa a masana'anta. Jiki yana buƙatarsa wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta, musamman jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa aka san shi da maganin ƙarin jini. Baligi yana buƙatar maikrogiram 400 a rana, mai juna biyu 600, mai shayarwa 500. Iyakar da masana suka sa wa mai lafiya daga ƙwaya ita ce maikrogiram 1,000 a rana, sai fa in likita ne ya ga dalilin ƙarawa. To ƙwayar da ta fi yawa a shagunan magani a ƙasar nan mai miligiram 5 ce, wato maikrogiram 5,000. Guda ɗaya ta ninka buƙatar yini fiye da sau 12, ta ninka waccan iyaka sau 5. Ƙanƙantarta da arharta ne suke sa a raina ta, har wasu su riƙa haɗiyar biyu ko uku a rana.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Akwai wani sinadari a jini mai suna homosistin, wanda ake yawan samunsa sama da ƙima a jikin masu suga da masu ciwon zuciya, kuma folik asid yana rage shi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan aka yi zaton in ya ragu, jiki zai fi jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, suga ya sauka. An yi ƙananan gwaje-gwaje da dama a kan haka, kuma tsakanin 2018 da 2021 masu bincike suka tattara su wuri guda suka tace. Abin da ya fito shi ne insulin ɗin da ke yawo a jini da safe yana ɗan raguwa. Sugan safe kuwa, a wasu ƙididdigar ya sauka da maki 2 zuwa 3 a ma'aunin mg/dL, a wata kuma ba a ga ya motsa ba. Amma gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, kuma shi ne likita ya fi dogaro da shi, bai canja ba.

A auna wannan maki 2 zuwa 3 da idon basira. Mutumin da ke tashi da 210 zai koma 207. Ƙa'idar da aka gindaya wa na'urar gwajin suga ta gida ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin 100 idan suga ya kai 100 zuwa sama, ma'ana jinin da ainihin sugansa 200 ne, na'ura mai kyau tana iya nuna 180 ko 220 ba tare da an ce ta lalace ba. Saboda haka sauƙin da ake magana a kai ya yi ƙanƙantar da na'urar da ke gidanka ba za ta iya ganinsa ba.

Manyan gwaje-gwaje ma ba su goyi bayan zancen ba. A ƙasar Sin an bi masu hawan jini 20,702 na kimanin shekara huɗu da rabi, rabinsu suna shan maganin hawan jini zalla, rabi kuma an haɗa musu da folik asid miligiram 0.8. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 21 cikin 100 a cikin masu shan folik asid, kuma wannan abin a yaba ne, amma da aka duba yawan waɗanda suka kamu da suga, ɓangarorin biyu ba su bambanta ba. A Amurka an ba mata dubbai folik asid miligiram 2.5 tare da bitamin B6 da B12 na sama da shekara bakwai, nan ma bai kare su daga suga ba. Kwatanta wannan da wani gwajin na Amurka da aka bayyana a 2002, inda rage ƙiba da kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki da motsa jiki na minti 150 a mako suka rage kamuwa da suga da kashi 58 cikin 100, maganin suga na Metformin kuma ya rage da kashi 31. Ga wanda ya riga ya kamu, Metformin yana sauke HbA1c da maki 1 zuwa 1.5, misali daga 8.5 zuwa wajen 7.5 ko 7.

Za a ce ai wane ya fara sha, kuma lambarsa ta sauka. Hakan na faruwa, kuma yana da bayani. HbA1c yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ke rayuwa kamar kwana 120. Idan mutum yana da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe ko B12 ko B9, jiki ba ya sabunta ƙwayoyin da wuri, sai tsofaffin su daɗe suna tara suga, lambar ta haura fiye da gaskiya. Da zarar an gyara jinin, sababbi sun fito, sai lambar ta faɗi alhali sugan yana inda yake. Haka ita ma na'urar gida, jinin da ya tsinke sosai yana sa da yawa daga cikinsu su nuna sama da gaskiya. Ga kuma abin da kowa ya sani, ranar da mutum ya ɗauki sabon magani da niyyar samun sauƙi, ranar ce yake rage malmalar tuwo ya bar lemon kwalba.

Wanda ke son sanin gaskiyar sugansa, ga yadda ake yi. A gwada da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. A wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe sarai, domin ragowar dabino ko mangwaro a yatsa yana iya ƙara maki masu yawa. A duba ranar lalacewar tsinken gwaji, a rufe robarsa nan take bayan an zaro guda, kada a bar ta a mota ko bakin taga, musamman a zafin Maris da Afrilu da laimar damina. A lura da ma'aunin da na'urar ke amfani da shi: 7 a mmol/L daidai yake da 126 a mg/dL, ana ninkawa ne da 18, kuma rikita waɗannan biyun ya sa wasu sun ɗauka suga 14 ba komai ba ne alhali 252 ke nan. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 da safe, ƙasa da 180 awa biyu bayan cin abinci, HbA1c kuma ƙasa da 7. A riƙa rubutawa a littafi ana kai wa likita. Wanda ya ajiye maganinsa ya koma folik asid, sannan ya ga ƙishirwa da yawan fitsari da rama sun dawo, ko suga ya haura 300, ko amai da magagi suka shigo, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, a tafi sashen gaggawa a ranar.

Yanzu ga wurin da ya fi damunmu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Metformin shi ne maganin farko ga mafi yawan masu suga, magani ne mai kyau, amma idan aka daɗe ana shansa yana rage yadda hanji ke tsotsar bitamin B12. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar cewa wannan yana iya samun mutum ɗaya cikin goma na masu shansa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara huɗu a kansa, da mai shan miligiram 1,500 zuwa sama a rana, da tsofaffi, da mai shan maganin olsa irin su Omeprazole kullum, da wanda nama da kifi da ƙwai suka yi masa wuya, kuma a tsadar yau waɗannan ba kaɗan ba ne. Hanta tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa matsalar ba ta bayyana da wuri.

Rashin B12 yana ɓarna iri biyu. Yana kawo ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi, yana kuma cinye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi da laka. Folik asid mai yawa yana gyara ta farkon, bai taɓa ta biyun. Mutum zai ga jininsa ya ƙaru, kasala ta ragu, gwajin jini ya fito lafiya lau, alhali jijiyoyin suna ci gaba da lalacewa, kamar a yi wa ɗaki sabon yaɓe gara kuwa tana cin azara. Abin da ya ƙara dagula lamarin ga mai suga shi ne alamomin iri ɗaya ne da na lalacewar jijiya da sugan kansa ke kawowa: zafin tafin ƙafa, tsira kamar ta allura, mutuwar yatsu, tangaɗi musamman a duhu, takalmi ya zame ba a ji ba, wani lokaci har mantuwa. Sai kowa ya ce ai sugan ne, a ƙara magani, a yi ta tafiya. Ta B12 kuwa tana warkewa in an kama ta da wuri, in an makara wani ɓangaren ba ya dawowa, kuma ƙafar da ba ta jin ƙaya ita ce ke zama gyambon da ake yankewa.

Don haka duk mai shan Metformin da aka ce masa jininsa ya yi ƙasa, ko ƙafarsa ta fara irin waɗannan alamu, kada ya wuce kemis ya sayi folik asid da kansa. Ya nemi cikakken gwajin jini tare da gwajin B12 kafin ya fara shan komai, domin ƙwayar tana ɓata hoton. A takardar sakamako akwai layin MCV, girman jajayen ƙwayoyi ke nan, in ya wuce 100 alama ce, ko da yake rashin wucewarsa bai wanke mutum ba. B12 ƙasa da 200 pg/mL ya yi ƙasa, 200 zuwa 300 yana bakin gaɓa. Ba kowane ƙaramin asibiti ne ke wannan gwaji ba, sai a tambaya a manyan wurare irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Maganin shi ne allurar B12 ta miligiram 1, a jejjere da farko sannan a koma duk bayan wata biyu ko uku, ko kuma ƙwayar maikrogiram 1,000 kullum in likita ya ga ta isa. Idan duka biyun ne suka yi ƙasa, B12 ake fara bayarwa kafin folik asid. Ba a daina Metformin saboda wannan. Kuma kada a dogara da ƙananan ƙwayoyin bi-kwamfiles da ake ƙirgawa a leda, da yawansu babu B12 a ciki ko kuwa ɗan mitsitsi ne, a karanta jikin kwalin.

Wanda suga ya riga ya taɓa masa ƙoda shi ma ya yi hattara. A Kanada an gwada mutum 238 masu irin wannan matsala, aka ba rabinsu folik asid miligiram 2.5 da B6 da B12 masu yawa da fatan a kare ƙodar. Sakamakon da ya fito a 2010 ya zo a juye, ƙodarsu ta fi saurin raunana, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi yawa a cikinsu. Gwaji ɗaya ne kuma ba babba ba, amma ya isa ya hana mai ciwon ƙoda shan tarin bitamin ba da sanin likitansa ba. Mai farfaɗiya da ke kan Phenytoin ko Phenobarbitone ma haka, folik asid yana iya rage ƙarfinsu a jini ciwon ya tashi.

Sai batun tonik. Yawancin magungunan ƙarin jini na ruwa da ake sayarwa a kwalba da ruwan sukari ake haɗa su. Al'adar nan ta haɗa molt da madarar gwangwani don ƙarin jini kuwa, ga mai suga ba ta da maraba da shan lemon kwalba, wanda ƙaramarsa ke ɗauke da kusan cokalin shayi 9 na sukari. Wanda ke buƙatar ƙarin jini ya nemi na ƙwaya.

Mai sugan da folik asid ya wajaba a kanta ita ce macen da ke iya ɗaukar ciki, kuma abin takaici ita ce ta fi makara. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko bayan shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. In bai rufe ba, a haifi yaro da ƙari a gadon baya da shanyayyun ƙafafu, ko a haife shi ƙoƙon kai bai cika ba. Wani babban gwaji da Birtaniya ta jagoranta, wanda aka bayyana a 1991, ya nuna miligiram 4 a rana ya rage maimaituwar wannan nakasa da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan yaro. Macen da ke da suga tun kafin ciki, haɗarin nakasar jariri ya ninka mata sau biyu ko fiye, gwargwadon yadda sugan ya haura. A nan kuwa mata da yawa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke fara zuwa awo, a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin da ake bi ga irin wannan mace shi ne miligiram 5 kullum, a fara kamar wata uku kafin a nemi cikin, a ci gaba har ƙarshen mako na 12. A tare da haka a yi ƙoƙarin sauke HbA1c ƙasa da 6.5 in zai yiwu ba tare da suga yana faɗuwa ba, in kuwa ya haura 10 a jinkirta ɗaukar cikin har a daidaita shi, domin folik asid ba ya goge illar suga mai yawa. A kai wa likita duk magungunan da ake sha a leda guda, saboda irin su Lisinopril da Losartan na hawan jini da magungunan rage kitsen jini ba sa tafiya da ciki, sai an canja su tun kafin. Maigida yana da hannu a nan, domin sau da yawa shi ke sayo maganin, shi ke ba da izinin fita, da shi kuma ake shawarar tazara. Amaryar da aka san tana da suga, kamata ya yi wannan magana ta shiga cikin shirin biki, yadda gwajin jinsin jini ya shiga.

Akwai wata gaɓa da ake yawan tsallakewa ko a cikin ma'aikata. Daga mako na 13 ake fara ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar, ƙwaya uku a lokaci guda, da tazarar aƙalla wata ɗaya. Wannan magani yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar sarrafa sinadarin B9 nata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa shi da folik asid na miligiram 5 a kullum domin yana karya masa ƙarfi, amma maikrogiram 400 ba ya hana shi aiki. Ke nan bayan mako na 12 sai a sauko zuwa 400, wanda galibi yake zuwa a haɗe da sinadarin ƙarfe a ƙwaya ɗaya. Mai ciki mai sikila ko mai farfaɗiya nata tsarin daban ne, likitanta ne zai yanke.

Masu sikila da ke shan folik asid kullum su ci gaba da abinsu, don jininsu ne. In suga ya haɗu da sikila, HbA1c ba abin dogaro ba ne saboda ƙwayoyin jininsu ba sa daɗewa, sai a koma ga gwajin yatsa. Haka wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ko ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani.

Ga namiji mai suga ko macen da ta wuce haihuwa, waɗanda jininsu bai yi ƙasa ba, abin da suke buƙata yana kasuwar Bakin Dogo da Kasuwar Barci. Kofi guda na dafaffen wake yana ba da fiye da rabin buƙatar yini, kuma wake ba ya harba suga da sauri irin na farar shinkafa ko burodi. Ga alayyahu da zogale da rama da kuɓewa da gyaɗa. Sinadarin B9 yana narkewa a ruwa kuma zafi yana kashe shi, don haka ganyen da aka tafasa aka matse aka zubar da ruwansa, ko aka bari a wuta har ya yi baƙi, an yi asarar kaso mai yawa. A zuba ganye a ƙarshen girki, minti biyar ya isa. B12 kuwa babu shi a ganye ko hatsi, sai a ƙwai da kifi da nama da hanta da nono, a sha nonon ba sukari, a rage furar. Mai ciki ta taƙaita cin hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Muna da roƙo uku ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da hukumar kula da lafiya a matakin farko. A tabbatar ƙwayar maikrogiram 400 tana samuwa a asibitocin unguwa, domin muddin mai miligiram 5 ce kaɗai a kan kanta, ita za a riƙa miƙa wa kowa. A sa gwajin B12 cikin abin da inshorar lafiya ta jiha ke ɗauka ga wanda ya shekara huɗu a kan Metformin. Sannan a asibitin masu suga, duk macen da ba ta wuce haihuwa ba a riƙa tambayarta ko tana da niyyar ɗaukar ciki a wannan shekara, a rubuta amsar a katinta. Masu kemis kuma, wanda ya zo sayen folik asid a tambaye shi ko yana shan Metformin ko maganin farfaɗiya, in ya ce e, a tura shi gwaji kafin a ƙirga masa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Kaduna.